Tukunyar Kashe Gobara a Mota: Don Jami'an Hanya Ake Ajiye Ta, ko Don Ranar Wuta?

Duk direban da ya saba bin manyan hanyoyin Najeriya ya haddace tambayoyin shingen bincike: ina lasisi, ina takardun mota, ina safayar taya, ina alamar nan mai kusurwa uku, ina abin kashe wuta? Na ƙarshen nan shi ya fi jawo musu. Direba zai fito yana gunaguni, ya buɗe but, ya ture buhu da jakunkuna, ya zaro wata jar tukunya da ƙura ta rufe, ya ɗaga ta sama. In jami'i ya gyaɗa kai, shi ke nan, a mayar da ita ƙarƙashin kaya sai kuma shinge na gaba. In kuwa ya jujjuya ta ya ce wa'adinta ya wuce, sai cacar baki ta tashi, fasinjoji su sa baki, a ce ai na goro kawai ake nema.

Daga wannan shingen ne fahimtarmu ta karkace. Tukunyar ta zama kamar wata takarda da ake nuna wa hukuma, mutane da yawa ba sa yi mata kallon kayan aiki. Shi ya sa tambayar da ake yi a tasha da majalisu take da muhimmanci: 'yar wannan tukunya tana iya kashe gobarar mota kuwa, ko dai wata dabara ce ta tatsar direbobi? Ni amsata ita ce tana iyawa, amma cikin wani ɗan lokaci ƙanƙani, kuma yadda muke saye da ajiye ta ya sa da yawa ba za su yi rana a wannan lokacin ba.

Abin da doka ta ce

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce kan gaba wajen binciken wannan tukunya a manyan hanyoyi. Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na 2012 sun wajabta ta a kan kowace mota, kuma girmanta yana tafiya da girman motar. Ƙaramar mota ta gida ko tasi, guda ɗaya mai nauyin kilo 1. Bas da a-kori-kura, mai kilo 2. Tirela da tanka kuwa, manya guda biyu masu kilo 9 kowace. A jadawalin laifuffukan da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, tarar rashin tukunya naira 3,000 ce. Hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano da jami'an duba lafiyar motoci su ma suna da nasu binciken.

Ba kowace ƙasa ce ke tilasta hakan ba. A Ingila da Amurka ba a wajabta wa mai ƙaramar motar gida ya ajiye ta ba, sai dai motocin haya da na dakon kaya, alhali Ghana, kamar mu, ta wajabta. Za mu dawo kan dalilin wannan bambanci.

Me ke kunna wuta a mota?

Wuta abu uku take buƙata kafin ta tashi: abin da za ta ci, iska, da zafi ko tartsatsi. Aka cire ɗaya, ta mutu. Mota kuwa duk ukun tana ɗauke da su a wuri guda, abin da ya raba su kawai shi ne 'yan tiyo da robar waya da ƙarfe. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, sai su haɗu.

A fara da fetur. Ba ruwansa ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin da zai iya kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta ƙasa ya riƙa malala a ɓoye har ya tarar da tartsatsi. Man dizal ya fi shi haƙuri, sai ya ɗumama ya wuce digiri 50 kafin ya fara irin wannan tururi, amma in ya kama shi ma ba ya mutuwa da sauƙi. A motocin zamani masu injekta, famfon mai yana tura fetur da ƙarfin da ya zarce na iskar da ke cikin tayar motar. Saboda haka in tiyo ya tsufa ya tsage, man ba ɗiga yake yi ba, feshi yake yi a kan inji mai zafi. Mai motar da ke jin warin fetur kowace safiya yana cewa sai ƙarshen wata zai kai ta gareji, da wuta yake yawo.

Sai waya, wadda a ganina ita ce babbar ƙofar gobara a motocinmu. Yawancin motocin da muke hawa sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su zo, sun kuma bi ta hannun masu gyaran waya da ba su ƙidayuwa. An ƙara fitila, an ƙara rediyo mai manyan lasifika, an jona wurin cajin waya, an sa na'urar hana sata, kowane an datse waya an murɗa an naɗe da tef. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa fis. Fis ɗan ƙaramin abu ne da aka yi shi don ya ƙone, ya yanke wuta idan wayoyi suka haɗu, ya fanshi sauran motar. In ya ƙone sau biyu sau uku, yana gaya maka ne akwai matsala a wani wuri. Sai wani ya zare zaren waya ya ɗaure wurin, ya ce an gyara. Daga ranar motar ba ta da mai tsaron ƙofa. Batirin ƙaramar mota bai wuce volt 12 ba, ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma yana iya tura wutar da za ta mayar da waya ja-wur cikin sakan kaɗan, robarta ta narke ta kama. Batirin da ba a ɗaure ba, wanda ke tsalle a duk rami har kansa ya taɓa ƙarfen bonet, shi ma haka.

Na uku zafi. Bututun salansa na kusa da inji da tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, sukan wuce digiri 400 idan mota ta yi tafiya. Baƙin mai, man giya, man sitiyari ko man birki da ke tsiyaya a kansu yana iya kamawa ba tare da wani tartsatsi ba. Haka busasshiyar ciyawa idan aka faka a kanta lokacin kaka da hunturu. A manyan motoci kuwa, birkin da ya riƙe ko bores ɗin da ya ci yakan ɗumama har taya ta kama, kuma direba ba ya sani sai na bayansa sun riƙa yi masa hon.

Akwai kuma wanda mu muke ɗaukowa da hannunmu. Tun wahalar mai ta shekarun baya muka saba da jarka a but, har da ta 'yan bumburutu da aka toshe bakinta da leda. A motar haya ana ɗora janareta da mai a tankinsa, da tukunyar gas ta girki, kusa da ƙafafun fasinjoji. Ga turare na fesawa, ashana mai gas da batirin cajin waya da ake bari a kan dashbod rana na dukansu.

Ba duk jar tukunya ce iri ɗaya ba

Wadda ta dace da mota ita ce mai hoda, wadda aka rubuta ABC a jikinta. Haruffan suna nufin nau'in wutar da take kashewa. A na abubuwa masu ƙarfi ne da ke barin garwashi, kamar kujera, kafet, katako da taya. B na ruwan da ke kamawa ne, fetur, dizal da baƙin mai. C kuwa, a tsarin Turai, na gas ne, a na Amurka kuma na kayan lantarki. Hodar tana katse ci gaban wutar nan take, tana kuma narkewa ta lulluɓe abin da ke ci don kada iska ta kai gare shi, sannan ba ta ɗaukar lantarki. Rauninta shi ne ba ta sanyaya ƙarfe sosai, don haka wutar da ta kashe tana iya farfaɗowa.

Akwai mai iskar CO2, mai baƙar alama da faffaɗan baki kamar kakaki. Tana da kyau a ofis da ɗakin kwamfuta, amma a gefen titi iska na kwashe ta, kuma ba ta gamawa da garwashin kujera. Akwai mai kumfa, wadda ke aiki sosai a kan man da ya malala. Mai ruwa zalla ba ta mota ba ce.

Sai wata aba da ta cika kasuwa, wadda ya kamata a yi magana a kanta da babbar murya: ƙananan gwangwanaye masu kama da na maganin sauro, da ake tallarsu a cunkoson motoci da bakin shingaye. Arha ce ke sa a saye su, da kuma fatan jami'i zai kalla ya kau da kai. Abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba, ba su da geji da zai nuna ko da sauran ƙarfi, kuma irin wannan gwangwani ba a so ya wuce zafin digiri 50, alhali cikin motar da aka kulle a rana yana wuce hakan. Illarsu ta fi ta rashin komai a wani ɓangaren, domin wanda ba shi da komai ya san gudu ne nasa, shi kuwa mai gwangwani yakan tsaya kusa da wuta yana dogaro da abin da ba zai fisshe shi ba.

Tukunyar gaske tana da nauyi a hannu, da fil mai hatimi a wuyanta, da geji mai allura, da ranar da aka yi ta ko aka ɗura ta. Allurar ta zauna a kan kore. Amma ko koren ba shi ne ƙarshen magana ba: girgizar hanya tana sa hodar ta danƙare a gindi kamar garin da ya daɗe a buhu, sai a matsa iska ta fito ba hoda. Maganinsa a riƙa kifa ta ana girgizawa duk wata, har a ji hodar tana zubowa a ciki. A kai ta wurin masu ɗurawa su duba shekara-shekara, in ta fara tsatsa ko ta lotsa a canza ta.

Sakan goma kacal

Nan ne zuciyar maganar. Tukunya mai kilo 1 tana ƙarewa cikin kimanin sakan 8 zuwa 10 idan aka matsa ta ba ɗagawa. Mai kilo 2 tana ƙara 'yan sakan kaɗan. Mutane da yawa ba su san haka ba, suna zaton za su yi ta fesawa kamar tiyon 'yan kwana-kwana. Ita kuwa wutar inji, daga ɗan hayaƙi zuwa lokacin da za ta fi ƙarfin irin wannan tukunya, 'yan mintuna ne, wani lokaci ma ba ta kai haka ba in fetur na zuba. Wato aikin tukunyar mota shi ne kashe wuta tana jaririya. Da zarar ta shiga cikin ɗakin motar ta kama kujeru, ko ta kai ga tankin mai, maganar tukunya ta ƙare.

In aka fahimci wannan, za a ga kuskuren ajiye ta a but. Ka tsaya, ka fito, ka zagaya, ka buɗe but, wanda a wasu motocin ma da lantarki yake buɗewa kuma lantarkin shi ne ya lalace, ka sauke kayan fasinja, kafin hannunka ya kai gare ta lokacin ya tafi. Wurinta shi ne inda direba zai miƙa hannu ya ɗauka, a gaban kujerar gaba ko ƙarƙashinta, a ɗaure da maƙalinta. Ɗaurewar dole ce, domin ƙarfe mai kilo 2 da ke yawo a sake yana iya gangarawa ƙarƙashin birki, a haɗari kuma ya zama makami. Ban da kan dashbod ko bayan gilashin baya inda rana ke duka.

Idan ka ji warin ƙonewar roba ko ka ga hayaƙi daga bonet, ka sauka gefen hanya, nesa da gidan mai, rumfunan kasuwa da ciyawa. Ka kashe mota ka zare makulli, domin hakan ne ke tsayar da famfon mai. Daga nan mutane tukuna: kowa ya fita, a fara da yara, tsofaffi da marasa lafiya, a matsa kamar taku 40, ta ɓangaren da iska ke tasowa, kuma a kauce wa titi, don wata motar na iya kwashe mutum. Kada kowa ya koma ɗauko jaka ko waya. A sa wani ya kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra; a Nijar lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Sai bayan haka ake tunanin mota.

Kuskuren da ya fi cinye motoci shi ne wangale bonet. Wutar da ke ƙarƙashin rufaffen bonet a takure take, iska ta yi mata kaɗan. Ka ɗaga shi gaba ɗaya, ka ba ta abin da take nema, ta taso maka a fuska. Abin yi shi ne ka ja sakatar bonet daga ciki ya ɗan ɗaga, ka sa bakin tukunyar ta wannan 'yar kafa ko ta ragar gaba ka fesa. Ka zare fil, ka riƙe ta a tsaye, iska na bayanka, ka auna gindin wutar inda take ci, ba harshenta da ke sama ba, ka matsa kana kaɗa hannu dama da hagu. Gara ka riƙa matsawa kana saki, don ka ga inda hodar ke sauka, ka kuma rage wani abu saboda farfaɗowa. In wutar waya ce, muddin batir na jone za ta iya sake tashi, don haka in ta lafa kuma hannu zai kai lafiya, a cire kan batir, a fara da kan da ke da alamar ragi (-). Sifana mai lamba 10 a aljihun ƙofa tana da rana a nan.

In ka juye tukunyar duka wuta ba ta mutu ba, ka ja da baya. Mota ba kasafai take tashi kamar bam yadda ake nunawa a finafinai ba, amma tayoyi suna fashewa, jakar iska tana fashewa, ƙarafan da ke riƙe but da bonet suna harbawa kamar kibiya, hayaƙin soson kujera da roba kuma guba ne da ke iya sumar da mutum cikin ɗan lokaci.

Abin da ke damuna shi ne, a cikin direbobin da nake hira da su a tasha, ƙalilan ne suka taɓa zare fil ɗin tukunya ko sau ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin direbobi suna iya tara tukwanen da wa'adinsu ya kusa, su gayyato 'yan kwana-kwana, a kunna wuta a rabin duro a fili, kowa ya gwada hannunsa. Wanda ya taɓa jin yadda take ƙarewa a hannunsa ba zai ɓarnatar da ita a kan hayaƙi ba.

Yashi da ruwan omo

Da wuta ta tashi a titi, jama'a sukan yo ca, wannan da bokiti, wancan da yashi, wani na ihu a kawo omo. Wannan taimakekeniya abin yabo ce, kuma ta ceci motoci da dama. Sai dai a san wurin kowane. Yashi yana aiki a kan man da ya zube a ƙasa. Ruwa yana da amfani a kan kujera da taya, har ya fi hoda wajen sanyaya su. Amma fetur ya fi ruwa sauƙi, yana hawa kansa ne, don haka bokitin ruwa a kan fetur mai ci yana ɗaukar wutar ya kai ta inda ba ta kai ba. Kumfar omo kuma ba irin ta 'yan kwana-kwana ba ce, ba ta daɗewa a kan mai.

Hujjar masu suka

Masu cewa dokar ta zama hanyar karɓar kuɗi ba su rasa gaskiya ba. Idan jami'i ya karɓi wani abu ya bar motar da ba ta da tukunya ta wuce, ko ya amince da gwangwanin da shi kansa ya san ba ya aiki, ya koya wa direba cewa abin wasa ne. Haka nan ba adalci ba ne a tsananta wa mai mota a bar masu shigo da jabu da masu ɗura hodar banza suna cin karensu babu babbaka. Wannan aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ne, wato SON, kuma a kasuwa ya kamata a fara shi kafin a zo titi.

Wasu kuma suna kafa hujja da Ingila: in abin yana da amfani, me ya sa su ba su tilasta ba? A can shawarar da aka fi bayarwa ita ce ka fita, ka yi nisa, ka kira masu kashe gobara, saboda tsoron kada mutum ya tsaya ceton ƙarfe ya rasa ransa. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ya shafe mu. Sai dai su suna magana ne a inda motar kashe gobara ke isowa cikin mintuna, motoci ke shan bincike mai tsanani duk shekara, inshora kuma ke biyan asara. Wanda motarsa ta kama tsakanin Potiskum da Damaturu, ko tsakanin Gusau da Funtuwa, wa zai kira ya iso kafin ta zama toka? A irin hanyoyinmu, motar kashe gobara ta farko ita ce abin da ke hannun direba da na sauran direbobin da suka tsaya. Shi ya sa tukunyarka ba taka ce kai kaɗai ba. Tukwane biyar daga motoci biyar suna iya abin da ɗaya ba za ta iya ba, musamman idan haɗari ya maƙale mutum a cikin mota ana neman 'yan mintunan da za a zaro shi.

Game da masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, haka ne, babu mai ja. Amma direban da ya faɗi haka bai taɓa fita ba safayar taya ba.

Inda tukunya ba ta da ta cewa

Ranar 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Ranar 18 ga Janairu 2025 aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko a Jihar Neja, aka rasa sama da mutum 80. A Yamai ma, a watan Mayu 2019, tankar da ta kife kusa da filin jirgin sama ta ci sama da mutum 50. Irin wannan ita ce gobara daga kogi. Tanka tana ɗauke da lita dubu 33 ko fiye, tururinta yana kwanciya ya mamaye wuri mai faɗi, tartsatsin janareta, salansar babur ko ƙarfen bokiti ya isa. Ko manyan tukwanen tankar an sa su ne don taya ko inji idan sun fara kamawa, ba don man da ya malale ba. Wanda ya tarar da tanka a kife, ya juya da motarsa tun daga nesa, ya hana na bayansa matsowa.

Motoci masu gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya don ta maye gurbin fetur, da suka yawaita tun bayan cire tallafin mai a 2023, suna da nasu hukuncin. Gas ɗin ya fi iska sauƙi, yana tashi sama ne in ya tsiyaya, wanda alheri ne a fili. Amma a matse yake a tukunyarsa da ƙarfin da ya kai kusan ninki 90 na iskar taya. Fashewar da aka yi a wani gidan gas a birnin Benin na Jihar Edo cikin Oktoba 2024, hukumomi sun danganta ta da tukunyar da aka haɗa da walda, ba wadda aka amince da ita ba. Mai irin wannan mota ya san inda makunnin rufe gas yake. In gas ne ke ci kuma ba a iya rufe shi ba, kashe harshen wutar yana barin gas ya ci gaba da taruwa, abin da ya fi wutar haɗari. Motoci da kekuna masu aiki da batirin lantarki kuwa, idan batirin kansa ya kama, hoda ba ta kashe shi, ruwa mai ɗimbin yawa yake buƙata, yana kuma iya sake tashi bayan sa'o'i.

Wa asarar ke faɗa wa?

Inshorar da mafi yawanmu ke yanka ita ce ta dole, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga ƙaramar motar gida tun Janairu 2023. Mutane da yawa suna zaton ta rufe komai. Tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai. In motarka ta ƙone, ko kwabo ba ka da shi, sai in ka yanki wadda ta haɗa da gobara da sata, ko cikakkiya. Ga mai motar haya, ko direban da ke biyan balas kullum, ko wanda ya karɓi A Daidaita Sahu bashi, gobarar minti goma tana nufin jari da abincin gida sun tafi, bashi kuma yana nan. Ingantacciyar tukunya ba ta kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba. Ni shawarata ga mai ƙaramar mota ya wuce abin da doka ta ce ya sayi mai kilo 2.

Bayan wuta ta mutu

Kada a tayar da motar don a ga ko tana yi. Abin da ya kunna wutar yana nan, a ja ta zuwa gareji, mai gyaran waya da bakanike su gano tushen. Hodar tana cin ƙarfe da mahaɗan waya idan ta ji danshi, don haka a share ta a wanke da wuri. Tukunyar da aka matsa ko sau ɗaya, ko da saura a ciki, iskarta za ta zurare cikin kwanaki, sai an sake ɗura ta.

Idan wuta ta kama tufafin mutum, kada ya ruga da gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko babbar riga. Wurin ƙunar a riƙa kwarara masa ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, na kimanin minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a bar tufar da ta manne da fata. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko baƙin mai, duk suna ƙara ɓata ciwon. A rufe da tsumma mai tsabta a wuce asibiti, haka ma wanda ya shaƙi hayaƙi sosai ko da babu ƙuna a jikinsa, domin kumburin maƙogwaro yakan biyo baya bayan sa'o'i.